Kafin Asuba Ko Bayan Asuba

Wanzami ne ya kawo mini aikin da zan ba ku labarinsa, ba ɗan biro mai aikin ofis ba. Na fara da faɗin haka ne saboda ku da kuka jera tebura kusa da nawa a nan Zango, kuna sayar da gilashin waya kuna tura wa mutane waƙoƙi, kun ɗauka manhajar tunatarwa kayan masu alƙalami a aljihu ce. Kun kuma ɗauka zaɓenta ba sana'a ba ce: a shiga, a sauke wadda ta fi yawan taurari, a miƙa wa mutum wayarsa ya kama gabansa. Shekaranjiya na ji ɗayanku yana cewa ko akuya aka nuna wa za ta iya. To, Allah ya ba akuyar sa'a. Ni dai na ga ranar da gadon wani tsoho ya dogara ga maɓalli guda, kuma manhajar ba ta da aibu ko ɗaya.

Sunana Lawali, amma a layin nan sai an ce Lawali mai agogo ake gane ni. A wurin Baba Mutari na koyi aiki, wani siririn tsoho mai akwatin gilashi a bakin kasuwa. Kayan aikinsa ba su cika tafin hannu biyu ba: hantsaki, ƴan turnabis na kwance kusoshi, ƙanana kamar tsinken sakace, madubin da ake maƙalawa a ido ɗaya, murfin kwalba da ɗan fetur na wanke ƙarafa, da gashin kaza na shafa mai. Na daɗe a wurinsa bai bar ni na buɗe bayan agogo ba. Aikina shara, da sayo masa goro, da sauraro. In mutum ya kawo agogon ƙararrawa, Baba Mutari ba ya ko kallon agogon sai ya tambayi mai shi, "Me kake so ya tashe ka ka yi?"

Akwai wani mai gashin burodi da ya yi ta dawo da agogonsa, wai ba ya bugawa. Agogo lafiyarsa lau, mutumin ne in ya kwanta sai ka ce an binne shi. Baba Mutari bai ƙara taɓa agogon ba. Ya ce ya je ya sa shi cikin kwanon sha na ƙarfe, ya ajiye daidai kansa. Daga ranar maƙwabtansa suka koma tashi tare da shi ko suna so ko ba sa so. Da mutumin ya tafi sai Baba Mutari ya ce mini, "Ka gani, rabin aikin nan ba a cikin agogo yake ba." Lokacin ban gane ba, na ɗauka kwanon yake nufi.

Agogon batir ya fara rage mana aiki, salula ta zo ta ƙarasa. Baba Mutari bai ga ƙarshen abin ba, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa na zauna gaban akwatin gilashi ina kallon agogunan da masu su suka ƙi dawowa karɓa, har wani azumi mutane suka fara kawo mini ƙananan wayoyinsu in saita musu tashin sahur. A ganinsu duk abin da ke ƙara ya ta da mutum, hurumin mai agogo ne. Ban yi musu gardama ba. Da manyan wayoyi suka cika gari sai na bi ƙarar nan zuwa cikinsu. Ba na narka dalma, ba na canza gilashi, wannan naku ne. Nawa shi ne mutum ya zo ya ce abubuwa suna ɓace masa, in samo masa abin da zai riƙa taɓa shi a kan lokaci.

Wannan tsohuwar wayar mai tsagaggen baya da kuke yi wa dariya, ita ce hantsakina na yanzu. Duk manhajar da zan sa wa mutum sai ta fara kwana a cikinta. In kashe rezo, wato sabis ɗin waya da intanet, in ga ko za ta yi ƙara. In kashe wayar in kunna in ga ko ta manta abin da na gaya mata. In jefa ta aljihun ciki, in sa babbar riga a kai, in ratsa layin maƙera da ita, in ji ko muryarta za ta fito. Wasu manhajojin sai sun nuna maka tallan sabulu kafin su gaya maka abin da ka ajiye. Wasu sai ka yi rajista da adireshin da mutanenmu ba su da shi, wasu kuma waya ce da kanta take shaƙe su don ta tattala batir, sai ka shiga can ciki ka kwance su. Wadda ta tsira daga wannan duka na ajiye ta, amma har yanzu ban san wa za ta dace da shi ba.

Issufu tela shi ya koya mini haka. Yana karatu sosai, na sa masa irin mai jerin ayyuka, wadda in ka gama abu ka danna masa alama ya kau. Abin ya yi masa daɗi har ya wuce gona: yanka, ɗinki, guga, sayo zare, kiran ƙanensa, shan shayi, duk ya zuba. Wayar ta koma kuka kamar ɗan tsako daga safe har yamma, kunnensa ya saba, ya daina ji. Ya zo yana faɗa wai aplikasiyon ɗin ta sa shi jin kunyar wata amarya. Na goge komai na bar masa biyu a kan kowane ɗinki, ranar yanka da jajibirin karɓa. Ya ce na mayar da shi baya. Har yau da su yake aiki.

Inna Tasalla kuma daga Dakusa aka kawo ta, likita ya ɗora ta a kan maganin hawan jini tana tsallakewa. Ba ta karatu, ba ta ƙirga awa, lokacinta walaha ne da la'asar sakaliya. Na ce sai dai murya. Muka ɗauki ta surukarta, ta ce ba a yi ranar da matar ɗanta za ta ba ta umarni a ɗakinta ba. Na ɗauki tawa, ta ce ina ita ina baƙon namiji yana kiran sunanta da farar safiya. Daga ƙarshe na miƙa mata wayar na ce ta yi wa kanta magana. Ta gyara murya ta ce, "Ke Tasalla, tashi ki sha maganinki, kada ki raina mini hankali." Da ta ji an maimaita mata sai ta kaɗa kai ta ce, wannan kam tana jin maganarta.

Baba Habu wanzam ya zo ne wata rana da hantsi, ya zauna a kan bencina da zabirarsa a cinya, ya ƙi magana har sai da mutane suka watse. Na san shi tun ina yaro, shi yake yi wa mahaifina ƙaho. Ya kwance wata ƙaramar waya daga cikin tsumma ya ajiye.

"Lawali, kwanaki sun fara ruɗe mini," ya ce. "Sai in tashi in rantse Talata ce, a ce mini Laraba."

"Baba, ai ko mu yana faruwa da mu."

"Kai in ka ruɗe wa zai ƙwace maka tebur?"

Sai ya yi mini bayani. Wanzami gidaje yake gada, kamar yadda wani yake gadon gona. Gidajen da ubansa ya bar masa sun yi ta raguwa, samari sun koma shagon aski mai inji. Abin da ya rage masa mai daraja shi ne askin suna, kuma babban gidan da yake taƙama da shi shi ne na Alhaji Kanta a unguwar Birni. Uban Baba Habu ne ya aske Alhajin ranar sunansa, shi kuma ya aske ƴaƴan Alhaji da jikokinsa kaf. To, samarin gidan sun fara gunaguni, musamman autan Alhaji, Sani: wai tsoho ya tsufa, aska ce da kan jariri, a nemo mai jini a jika. Alhaji ya tsawatar, ya ce muddin Baba Habu bai gaza ba, ba mai taɓa masa gida. Baba ya san me wannan "muddin" take nufi. Ya cika kofin shayina da ruwa har baki, ya ɗaga a tafin hannu ya riƙe, ko ɗigo bai zuba ba.

"Hannun yana nan," ya ce. "Ranar ce nake tsoro. Sau ɗaya in na saɓa suna a gidan nan, shi ke nan sun samu abin faɗa."

Ba ya karatun boko, don haka duk mai jerin rubutu ta fita. Ba ya sayen rezo, mai neman rezo ta fita. Na zaɓar masa mafi sauƙin abin da wayarsa za ta iya ɗauka, ƙararrawa mai rana da murya. Muka shirya cewa duk gidan da aka haihu, ya biyo ta teburina ya gaya mini, in sa masa guda biyu: ɗaya da magaribar jajibiri don ya wasa asake, ɗaya bayan sallar asuba ta ranar. Muryarsa muke ɗauka, ya faɗi sunan gidan da kansa.

A nan na lura da wata al'ada tasa. Bai taɓa zuwa ya ce mini "an haihu ranar kaza" ya tsaya nan ba. Kullum sai ya haɗa da lokaci: da azahar, ko bayan isha'i, ko ana kiran assalatu. Na tambaye shi dalili, ya dube ni kamar na tambayi me ya sa ake jiƙa kai kafin aski. Ya ce a gidajen da yake yi wa aiki, bisa lissafin malamansu, yaron da aka haifa bayan ketowar alfijir ba a ƙirga masa wannan yinin, sai ranar ta zagayo a yi suna. Wanda kuwa aka haifa kafin asuba, yinin da zai waye yana cikin lissafinsa, don haka sunansa yakan ja baya da kwana guda. In an haihu Juma'a da rana, suna Juma'a. In an haihu kafin asubar Juma'a, suna Alhamis. Ni ma na san haka sama-sama, kowa ya sani, amma shi a bakinsa tambayar take zaune. Ya lanƙwasa yatsu a gabana ya fitar da rana ba kuskure. Lissafin bai ɓace masa ba, riƙon ranar bayan ya fitar da ita ne ya gagare shi, kuma wannan kaɗai na ɗora wa wayar.

Haka muka yi ta tafiya lami lafiya har damina ta zagayo ta sake zagayowa. Yakan iso yana haki yana mita, wai daga Birni zuwa Zango ya ƙara nisa tun da aka zuba kwalta. In ba shi benci, ya faɗi lokaci, ya lanƙwasa yatsu, in danna. Bai saɓa ko ɗaya ba.

Sai shekarar da kuran, wato wutar lantarki, ya yi ta ɗaukewa ta zo. Wasunku lokacin ba ku buɗe tebur ba. A yini ba wuta, a kwana ba wuta, mutane su yi layi wurin masu sola da masu janareto suna sharji, wutar kuma ba daidai take ba, batira suka yi ta kumbura kamar fanke. Wayar da ta mutu ba ta tuna wa kowa komai, amma ba wanda ya zagi kuran a gabana, ni ake zagi. Wanda ya makara, wanda ya saɓa alkawari, wadda ta manta ranar awo, duk teburina suke yo wa. Masu manhajar da ke ajiye komai a rezo su suka fi shan wuya, don wani lokaci rezon ma tare da wutar yake tafiya. Ciniki ya faɗi har na kakkaɓe akwatin Baba Mutari na fito da hantsaki, saboda tsofaffin agogunan da ake yi wa wani da hannu sun fara fitowa daga ƙarƙashin gadaje. Ashe hannuna bai manta ba, idona ne ya ƙi.

A cikin wannan shekarar batirin wayar Baba Habu ya kumbura ya ɓalle murfin. Na nema masa irinsa ban samu ba, kaya ba sa shigowa. Ƴarsa Rabi, wadda take koyarwa a lakwal, ta saya masa babbar waya, aka sa masa wata manhaja a inda ta saya. Dalilinta mai kyau ne: gwiwoyin tsohon sun fara ciwo, ba ta son wannan zirga-zirgar zuwa Zango. Manhajar tana da wani babban maɓalli kore da aka saita masa a kan mako guda daga yau. Ka danna, ka faɗi sunan gida, shi ke nan. Ba ta neman rezo, tana da ƙara, ba talla. Da na gan ta daga baya na yaba, kuma na sa wa mutane da yawa irinta. Baba ya daina zuwa. Na ji ɗan haushi irin na mai sana'a, na kuma ji kewar mitarsa, sannan na ci gaba da aikina. Haihuwa ta yi ta zuwa da rana, maɓallin ya yi ta faɗa daidai.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, daga bakinsa da na Rabi na ji. Matar Sani, autan nan mai gunaguni, ta haifi ɗanta na fari kafin asubar wata Juma'a. Ba a kira Baba ba sai da rana ta fito, yana tsakiyar yi wa wani gyaran fuska. Aka ce masa an sauka lafiya a gidan Alhaji, namiji. Ya yi barka, ya danna koren maɓalli, ya faɗi sunan gidan, ya koma kan gemun da yake gyarawa.

Ranar Laraba ya ɗauki zabira ya tafi Droum, inda yake da tsofaffin mutanensa masu son ƙaho, da niyyar ya kwana biyu ya dawo da sassafen Juma'a. Wayar ya kashe ta don tattalin batir, yana kunnawa safe da magariba ya ji ko tana da magana. Da yammacin Larabar aka kai goron suna gidansa, aka ce gobe ne. Matarsa ta kira ba ta same shi ba. Ranar Alhamis aka raɗa suna, aka yanka rago, aka zauna jiran wanzami. Alhaji ya yi ta ja, yana cewa a ƙara haƙuri, har rana ta yi zafi mata suka fara magana daga cikin gida. Sani ya hau kabu-kabu ya ɗauko wani wanzami.

Da safiyar Juma'a wayar ta yi ƙara a Droum, ba ta makara ba. Baba ya shigo motar farko, daga tasha bai ko biya gida ba ya zarce Birni. Ya tarar ana kwance rumfa, an tara kujeru, ana fita da kwanonin nama zuwa maƙwabta. Duk da haka bai gane ba. Ya yi sallama a zaure da fara'arsa, ya ce, "Barkanmu da suna. A fito mini da angon."

Mutanen zauren suka dubi juna. Alhaji Kanta ne ya fara motsi. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

"Baba Habu, zauna ka fara da ni," ya ce. "Yau Juma'a, ka ga kan ya yi gashi."

Baba ya zauna, ya jiƙa kan Alhaji, ya fara aski. Yana cikin yi wata tsohuwa ta ratsa zauren da jaririn a hannu za ta kai shi gidan kakanni a gani, kansa fes an aske. Baba ya bi ta da ido har ta fita. Ya ƙarasa askin Alhaji bai yanke shi ko ƙwarzane ba, ya goge askar, ya mayar cikin zabira. Abin da kawai ya ce shi ne, "Wanda ya yi askin nan ya bar gashi a bayan kunne."

Washegari suka zo teburina shi da Rabi. Ita idonta ja, ta ajiye wayar da ƙarfi.

"Kawu Lawali, duba mana wannan abin. Ta lalace ne ko wani ya taɓa ta?"

Na duba. An danna ranar Juma'a, ta yi ƙara ranar Juma'a. Na ce mata wayar ba abin da ya same ta, abin da aka sa ta ta yi. Sannan na tambaya, "Da wane lokaci aka haifi yaron?"

"An ce ana gab da kiran assalatu," in ji Rabi. Ita ma ta san lissafin, a gidan wanzami ta tashi. Ta dafe kai ta ce, "Wayyo Baba, ni na jawo maka. Ni na ce kawai ka danna."

"Ba ke ba ce, Rabi," ya ce. Bai ɗaga murya ba. "Tun ina ɗaukar wa babana zabira, ba a taɓa ce mini an haihu ban ce da wane lokaci ba. Ranar nan ban tambaya ba. Yatsana ya riga bakina."

Na ji tausayinsa ƙwarai. Abin da na iya shi ne na rufe tebur na bi Rabi zuwa gidan Alhaji da wayar a hannu. Na nuna musu ranar da aka danna, na bayyana cewa ba ruɗewa tsohon ya yi ba, maɓallin ne bai san asuba ba. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gamsu, dama shi bai taɓa zargin Baba ba. Sani ma bai yi rashin kunya ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Malam Lawali, ba mu ce laifinsa ba ne. Amma kai ma ka duba, yau maɓalli, gobe kuma me?" Na dubi Alhaji, Alhaji ya dubi tabarma. Ya riga ya faɗi "muddin" ɗinsa a gaban ƴaƴansa, kuma ba mutum ba ne mai janye magana ko da ta juya ta cije shi. Aka bar wa Baba kawunan manya. Na jarirai ya koma hannun wancan.

Sauran gidajen ba su jira bayani ba. A Birni labari ba ya buƙatar rezo.

To, ku da kuke cewa akuya za ta iya, ga abin da nake dubawa yanzu kafin ƙara da rezo da talla. Kowane mai sana'a yana da wata tambaya da yake yi kafin ya sa hannu a aiki, sau da yawa bai ma san yana yin ta ba. Tela yakan ce na sallah ne ko na biki. Mai kai kaya ƙauye yakan ce kafin kasuwa ko bayan kasuwa. Ni sai na zauna da mutum na ji tasa, sannan in zaɓar masa manhajar da za ta bar shi ya yi ta kafin ya danna. Wani lokaci wadda ta fi wuya nake ba shi da gangan, mai sa mutum ya zaɓi ranar da hannunsa. Sukan ce na cika tsawaita abu. Shi ya sa layin teburina ya fi naku gajarta, na sani, ba sai kun gaya mini ba.

Da kaya suka fara shigowa na samo wa Baba batirin ƙaramar wayarsa, ya mayar wa Rabi babbar. Ya dawo zuwa teburina, duk da abin sawa ya ragu: askin Alhaji na Juma'a, da ƴan ƙaho nan da can. Wata rana yana zaune a bencina wayar ta yi ƙara, aka ce daga gidan Alhaji ne, an sake haihuwa, matar yayan Sani. Don girmamawa aka kira shi, kowa ya san ba don aiki ba ne.

"Masha Allah, barka, barka," ya ce. "Da wane lokaci?"

Ya saurara, ya kashe wayar, ya lanƙwasa yatsu a kan gwiwa.

"Talata," ya ce. "Sa mini."

Na sa masa ta bayan asuba. Na ce, "Ta magaribar jajibiri fa, Baba? Ta wasa asake?"

"Bar wannan."

Ni ma an kawo mini goro, na je. Na tarar ya riga kowa isowa, yana zaune a zaure cikin baƙi da farar rigarsa ta Juma'a. Da wancan wanzamin ya shigo, Baba ya matsa ya ba shi hanya, ya mayar da hannuwansa kan gwiwa. Bai zo da zabira ba.